Tirakar da muke haɗawa da hannunmu a Gusau

Aikin da ya fi kawo mana mutane shago shi ne tiraka, na'urar bin sawun mota. Masu manyan motocin da ke kwasar hatsi daga Talata Mafara da Ƙaura Namoda zuwa kudu, masu motocin haya, har da masu bayar da hayar tarakta, kowa so yake ya buɗe wayarsa ya ga inda dukiyarsa ta kwana. Mu ba a kwali muke sayo ta mu manna ba. Haɗa ta muke yi a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012.

Ita Pi ba ta san inda take ba, ba ta kuma da gurbin sim. Sai an yi mata kunne da baki. Kunnen shi ne GPS, saurare kawai yake yi, ba ya aika komai, ba ya cin data. Taurarin ɗan'adam na Amurka suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne yana watso lokacinsa da matsayinsa, kuma sai na'urar ta ji aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take. Bakin kuwa sim ne, shi ke kai labari wayar mai mota. Mun fi amfani da SIM7600, don ya haɗa 4G da GPS a bod ɗaya, ana kifa shi a kan fil 40 ɗin da ke jikin Pi. Bayan taurarin Amurka yana jin GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, shi ya sa yake saurin gane wuri.

Yaron da ya zo koyo, gaisawa da na'urar nake fara nuna masa. Ka rubuta AT, ta amsa da OK. Ka rubuta AT+CSQ, ta faɗi ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31. In ta ce 99, je ka duba eriya. Sai AT+CGPS=1 a kunna GPS, a fita da ita tsakar gida. Ranar da yaro ya ga digiri 12 arewa da 6 gabas sun fito a allo, ya gane cewa Gusau ke nan, ranar nake sanin ko zai zauna a sana'ar.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Gwaninta tana wajen wuta. Na koyi haka tun ina yaron shago a wurin mai gyaran waya a tsohuwar kasuwa, mutumin da ba ya bari ka taɓa dalma sai ka auna batir da mita. Cewa yake yi wayar da ke mutuwa daidai lokacin kira, kada ka zargi injinta, wutarta ce ba ta isa. Haka abin yake a nan. SIM800L, wani bod ɗin sim wanda masu arha ke so, 2G ne kawai, yana buƙatar bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma duk sanda zai yi magana da turken sabis yakan fizgi har amfiya 2 a ƙiftawar ido. In ka ja masa wuta daga jikin Pi, zai yi ta mutuwa yana tashi. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, na babbar mota 24, Pi kuma 5 take so cif. Don haka muna sa mai rage wuta na kirki, da babban kafasita daf da bod ɗin, da ƙaramin batir na ko-ta-kwana. Wannan batirin ke ba Pi damar rufe kanta a tsanake idan an kashe mota ko an zare wayar wuta, domin yanke mata wuta kai tsaye shi ke lalata mimori.

Wannan ne ba a gani daga waje, kuma a nan muke shan ciniki. Wani Alhaji mai motoci ya juya akwatin a hannunsa ya ce, "Haba yaro, wanga ɗan abu za ka tsawwala ma kuɗi? Na ga irinai kasuwa, rabin kuɗinka." Na ce, "Ranka shi daɗe, saye shi ka aza ma mota guda, ka aza nawa ma guda, su bi hanyar Anka tare." Bai sake taya mini ba.

Dalili kuwa, wasu daga cikin na kasuwar idan sabis ya ɗauke sai su yi shiru, sawun wannan tafiyar ya ɓace. Tamu tana rubuta kowane wuri da lokacinsa a mimori, sabis na dawowa ta turo duka a jere. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara har mutane suna tafiya Funtuwa don su buga waya, akwatunanmu ba su daina rubutu ba, tunda taurari ba ruwansu da turke. Motar da ta tsallaka jihar, nan take maigidanta ya samu tarihin tafiyarta, in shi ma yana inda akwai sabis.

Masu kawo kaya su ma nasu ciwon kan daban. SIM7600 kala-kala ne: mai harafin E na Turai da Afirka, mai A na Amurka, mai G na ko'ina. Wani dila ya turo mana mai A a kwalin da aka rubuta E, aka kunna, 4G ya ƙi kamawa don zangon mitarsa ba na nan ba ne, shi kuma ya dage wai layinmu ne ba kyau. Jabun NEO-6M kuwa, wani ƙaramin bod na GPS, ya cika kasuwa, da tambari da komai, amma sai ka gaji da tsayuwa a rana bai kama tauraro ba. Yanzu duk abin da ya iso sai ya kwana a kunne a kan tebur kafin ya shiga akwati.

Dasawa ma aiki ce. Siginar GPS ba ta ratsa ƙarfe, saboda haka eriyar tana zama ƙarƙashin roba, fuskarta sama, nesa da eriyar sim. Akwatin kuma ba ya zuwa kusa da inji, domin Pi tana rage gudu idan zafinta ya kai digiri 80, ga kuma bazarar Gusau. Muna toshe kafofin ƙura saboda hunturu. Ainihin inda muke ɓoye shi, wannan tsakaninmu da mai mota ne, ko direba ba ma faɗa wa.

Mai son a dasa masa ya zo da motar, da takardunta, da sim ɗin da ke haɗe da NIN ɗinsa. A motar wani ba ma dasawa.