Tafiyata Zuwa Kurmin Kafa, Mahaifar Itacen Gahawa

Mun bar Addis Ababa da asuba muka nufi kudu maso yamma, muka kwana a Jimma, washegari muka haye kogin Gojeb muka shiga Bonga, tafiyar kusan kilomita 450 ke nan. Abin da ya kai ni shi ne in ga itacen gahawa, wanda mutanen Habasha ke kira buna, a inda yake tsirowa da kansa ba tare da wani ya shuka shi ba, wato kurmin Kafa da UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake karewa a shekarar 2010.

Mai yi mana jagora ya shige gaba cikin laka, birai masu baƙi da fari suna ta tsalle a samanmu, har ƙamshi ya iso mu tun kafin mu ga komai. Na zaci zan tarar da gajeren itace mai cunkoson ganye irin na gona, sai ga shi siriri, ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, rassansa sun miƙe gefe da gefe a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, bakinsa a ɗan lanƙwashe, yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kamar yadda yake a danginsa irin su gauɗe. A daidai inda ganye ya haɗu da reshe furanni suke taruwa, farare fat, kowanne ya buɗe gida biyar kamar tauraro.

Mun yi dace ƙwarai, domin ruwan farko bayan rani ne ke buɗe su, kuma kwana biyu zuwa uku kawai suke yi su bushe. Furen yana iya yi wa kansa barbara ko da ƙudan zuma bai zo ba, daga nan ɗan itacen ya shafe wata bakwai zuwa tara kafin ya rine daga kore zuwa ja, da ƙwaya biyu kwance a cikinsa.

A hanyar komawa mun wuce gangaren da aka sare aka mayar gona, abin ya taɓa mini zuciya, domin tun 2019 masana suka lissafa gahawar daji cikin tsirran da ke fuskantar barazanar ɓacewa, kuma zafin rana ba ya yi mata daɗi. Da na waiwaya a ƙofar Bonga, hazo ya riga ya rufe kan tudun da muka baro.