Taswirar Ganuwa Mai Magana Da Yadda Yara Suka Gyara Min Zama

Tun ina firamare idan aka kai mu Gidan Makama, gidan tarihin Kano, yawon buɗe ido abun da nake tunawa shi ne hannuna a baya, malami na cewa kar wanda ya taɓa komai. Kuma da gaskiyarsa, gidan da aka gina tun ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa ai ba wurin wasa ba ne. Amma abun ya tsaya min a rai, shi ya sa da aka ba ni aikin haɗa wani ɓangare a wani ɗan zauren baje kolin tarihi nan cikin gari, na ce ni dai abun da yara za su taɓa zan yi.

Taswirar ganuwar Kano muka yi a kan tebur. Kafinta ya yanka katako, muka ɗaga Dala da Gwauron Dutse da siminti da yashi, muka zagaye da ganuwa, kowace ƙofa da ɗan ƙwan fitilarta. Ka danna Ƙofar Kabuga fitila ta kama, lasifika ta gaya maka ta nan Turawa suka shigo a 1903. Ka danna Ƙofar Mata a ba ka labarin marina. Ƙwaƙwalwar abun kuwa ɗan allon Arduino ne, wato wata ƴar ƙaramar kwamfuta, da wata ƙaramar na'urar kunna sauti mai cin memori, wayoyi da fitilun duk a Sabon Gari na haɗo su.

To kuskurena na farko son burgewa. Na sa allon da ake shafawa da yatsa irin na waya, babba, ya cinye kusan rabin kuɗin aikin. Lokacin hunturu ne, kwana uku ƙura ta rufe shi, ga hasken taga yana dukansa ba a ganin komai, ga yara biyar su ɗora hannu lokaci ɗaya sai ya rikice ya tsaya cak. Na cire shi na sa manyan maɓallai masu taurin kai irin na gidan gem, waɗanda ko duka aka yi musu ba ruwansu. Wallahi da tun farko na yi haka da na huta.

Sai maganar murya. Na zauna na rubuta bayani mai tsawo, tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ginin ganuwar har faɗaɗawar da aka yi zamanin Rumfa, kowace ƙofa kusan minti biyu, ni a ganina na yi aiki. Ranar gwaji aka kawo ƴan aji huɗu, yaro zai danna ya saurari kalma biyar ya danna wata, ya danna wata, sauti na katse sauti, babu wanda ya ji ƙarshen ko ɗaya. Dattijon da ke gadin wurin yana zaune kan benci yana kallona yana murmushi, ya ce ɗana, ai tatsuniya ma ba a fara ta da tsawo haka, ka fara da abun da zai sa su ce “kai!” Na ce to Baba. Na koma na yanke kowane bayani zuwa daƙiƙa ashirin, na mai da jimlar farko tambaya, kuma na gyara umarnin da ke cikin Arduino ɗin yadda sai sauti ya ƙare wani maɓalli zai amsa. Tebur ɗin ma sai da kafinta ya rage masa ƙafa don ƙananan sai sun yi ɗage suke hango tsakiya.

Abun mamakin, ɓangaren da ya fi jan mutane ko waya ɗaya babu a jikinsa. Mun je wajen masu rini muka samo ruwan baba da aka riga aka haɗa da toka ya nuna, muka zuba a tukunya mai murfi, ga ƴan ƙyallaye farare da safar hannu. Yaro ya tsoma ya ciro, ƙyallen ya fito kore-kore, yana riƙe da shi iska na bugunsa a gaban idonsa ya koma shuɗi. Ihu kawai kake ji. Har iyaye suna layi, wata Hajiya ta ce shekara nawa tana wucewa ta Ƙofar Mata ba ta taɓa sanin haka launin yake fitowa ba. Wari kam akwai shi, dole muka matsar da tukunyar bakin ƙofa, kuma rigar makaranta biyu ta ɓaci kafin mu ɗinka musu ƴan rigunan leda.

Wuta kuma kun san halin da ake ciki, ana ɗaukewa komai ya mutu, sai da muka sa batir da ɗan sola a rufi. Na kuma yi wa bayan teburin ƙofa mai sakata, kowace waya na manna mata takarda da sunan ƙofarta da Hausa, na bar maɓallai uku na canji da sukudireba a cikin gwangwani. Satin da ya wuce Baba ya kira ni, na zaci wani abu ya ƙone, ashe maɓallin Ƙofar Nassarawa ne ya maƙale, ya ce ya riga ya canza shi da kansa, kira ya yi kawai in ƙaro na ajiya don saura biyu.