Laraba: ranar rufi da ragar waya

Ƙarfe biyar da rabi na safe muka fara aikin rufin rumfar kaji, domin kwanon rufi ba ya taɓuwa da hannu da zarar rana ta ɗaga. Ginshiƙai goma da aka kafa makon jiya sun kama ƙasa sosai, kowanne a ramin santimita 60, da kankare zagaye da gindinsa. Biyu daga ciki kankarensu ya tsattsage ta sama, kuma dalilin a fili yake: su ne na ƙarshen yamma, buhunan da aka rufa musu sun bushe da wuri. A busasshiyar iska ruwan siminti yakan gudu kafin simintin ya gama kamawa, shi ya sa ake rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Tsagewar ba ta yi zurfi ba, na cike ta na wuce.

Ga tsarin, don kada in manta. Kaji takwas ne masu ƙwai. Wurin kwana mita 2 sau 2, farfajiya mita 2 sau 6, duka a ƙarƙashin rufi guda mai tsawon mita 8 ban da bakin rufin da ya fito waje. Kowace kaza ke nan tana da rabin murabba'in mita a ciki, da ɗaya da rabi a waje. Wannan ya ɗara abin da aka saba bayarwa, kuma da gangan ne. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyos, kuma hanyoyin da take rage shi kaɗan ne: ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai nesa da jiki, jini ya kwarara zuwa zanko da ƙafafu, ko ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Duk waɗannan sai da fili da iska. Daga digiri 30 za ka ga ta rage ci, a 35 haki ya kankama, idan aka haura 40 babu inuwa ko ruwa sai dai a kwashi gawa. Saboda haka abin da ake ginawa a hamada rumfa ce da aka kewaye da waya. Akurkin katako mai bango huɗu da 'yar taga, irin wanda ake zanawa don ƙasashen ƙanƙara, tanda ce kawai a nan.

Ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Ta haka rana na bin tsawon rufin tana wucewa, ƙunƙuntar fuskoki biyu ne kaɗai ke karɓar ta kai tsaye. Wurin kwana na ajiye shi a gabas. Ranar safe da ke dukansa mai sauƙi ce, kuma kafin magariba ya huce. Da a yamma yake, zai sha ranar la'asar, wadda ta fi kowace muni, sannan kaji su shiga su kwana cikin zafin da katako ya haɗiye.

Rufin shi ya ci mana safiya, shi ne ma kusan dukan maganar. Gefe ɗaya tsayinsa mita 2.4, ɗayan mita 2, gangaren santimita 40 ke nan. Ƙaramin gefen yana fuskantar inda rana ke karkata mafi yawan shekara, babban kuma shi ne mafitar iska mai zafi, tunda sama take yi. Baki ya fito santimita 70 a dogayen ɓangarorin. Kwano shi kaɗai ba ya wadatarwa. Yana hana hasken rana sauka, amma da kansa yake zama garwashi ya riƙa feso zafi ƙasa, ko da iska na ratsawa. Magani biyu na haɗa. Na farko farin fenti a samansa, shafi biyu, wanda aka yi jiya tun kwanon na ƙasa. Na biyu silin na siririn katako a ƙarƙashi, da tazarar santimita 12 tsakaninsa da kwanon, a buɗe ta ƙasa da ta sama domin iska ta shiga ta ƙaramin gefe ta fita ta babba, ta tafi da zafin. In aka toshe wannan tazara, rabin amfaninta ya tafi. In kuma aka bar ta haka nan, ɓeraye sun sami gida. Don haka bakunan biyu duk an lulluɓe su da raga.

Wajen ɗaure kwano, sukuru mai zoben roba muka yi amfani da shi, a kan tudun kwanon ba a kwarinsa ba. Ƙusa tana sassautawa, domin kullum ƙarfen na buɗewa da rana yana tsukewa da dare, kuma guguwa ɗaya ta isa ta ɗaga rufin da bakinsa ya fito haka. A gefuna kowane tudu ya sami sukuru, a tsakiya ana tsallake ɗaya. Ganyen kwano na hawa kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, bakin haɗin yana kallon inda iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba. Kuskuren da aka yi da farko shi ne matse sukurun fiye da kima har robar ta fashe ta fito gefe. Guda goma sha ɗaya na cire na sauya. Ana tsayawa ne da zarar robar ta ɗan kumbura.

Wani abin da ya ɓata lokaci: katakai uku sun tsage a ƙarshensu. Katakon da ya kwana biyu a busasshiyar iska ba ya yafe sukuru kusa da baki. Sai an fara huda da siririn bakin injin huda, sannan a ja da baya aƙalla santimita 3 daga ƙarshe.

Sha ɗaya da rabi muka sauka. Na tsaya ƙarƙashin sashen da aka sa wa silin, na matsa zuwa wanda ba a sa wa ba tukuna, bambancin a tsakar ka ake jin sa, ba sai an nemo ma'auni ba.

Da azahar babu aikin waje, sai na yanka kayan ciki a inuwa. Sandunan kwana biyu ne, kowace mita 2, daga katako mai santimita 5 sau 10, faffaɗan gefen a sama, an goge kaifinsa. Kaza takwas a mita huɗu, kowace ta sami rabin mita, ta iya sakin fukafukai ba ta taɓa maƙwabciya ba. Tsayinsu ɗaya, santimita 70 daga ƙasa, tazarar 45 a tsakani. In ɗaya ta fi tsayi duk a kanta za su cunkushe, ga shi kuma sama ta fi zafi. Bututun ƙarfe ko na roba bai dace ba, yana da santsi, na ƙarfen kuma yana riƙe zafi. Sandunan a gurbi suke zaune, ba a kafe su ba, domin ƙananan ƙwarin nan masu shan jinin kaji da dare a mahaɗar katako suke ɓuya da rana, dole a iya ɗagawa a duba.

Gurbin ƙwai biyu, kowanne santimita 30 ta ko'ina, sun ishi kaji takwas. Wannan wuri ne da mutane ke asarar kaji ba su gane dalili ba. Akwatin da ake maƙalawa a wajen bango, mai murfi don sauƙin ɗaukar ƙwai, yana da kyau a ido, amma kaza takan shiga ta zauna rabin sa'a ko fiye, sau da yawa da hantsi, cikin ɗan akwatin da rana ke dafawa. Mai kwanci kuwa da wuya ta fita, ko da zafin zai kashe ta. Nawa a ciki suke, a gefen da ya fi inuwa, santimita 40 daga ƙasa, ƙasa da sandunan kwana don kada su koma kwana ciki su cika shi da kashi. Bayansu raga ce, ba katako ba.

Ƙarfe huɗu aka koma kan waya. Raga mai ido milimita 12, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, naɗi biyu masu faɗin mita ɗaya da tsawon mita 30, da ƙyar suka kai. Siririyar ragar nan mai ido kamar saƙar zuma tana tsare kaza a ciki ne kawai. Kare na yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji na ratsa ta, muzuru na zura hannu. Ana fara kafawa daga sama ta tsakiya, a ja zuwa gefuna, in ba haka ba ta yi tumbi. Inda biyu suka haɗu, a ɗora santimita 5 a ɗinke da waya. A kan ginshiƙi, siririn katako muka danne ta da shi muka ɗaure, ya fi 'yan ƙusoshin lanƙwasa riƙo. A ƙasa kuma ragar ba ta tsaya a gindin bango ba: an lanƙwasa ta waje santimita 45, a kwance, aka rufe da tsakuwa. Mai tono a jikin bango yake farawa, ya ci karo da waya, ba ya tunanin ja da baya. A ƙasa mai yashi wannan ya fi haƙa rami a binne ta tsaye, tunda ramin rushewa yake yi kana haƙawa.

Bangon gabas ne kaɗai ke da katako, shi ma zuwa mita 1.2, sama raga. A yamma na rataya yadin inuwa mai tare kashi 80 cikin ɗari na haske, santimita 30 nesa da ragar. In ya manne da ita yana tare iska, zafinsa kuma na shiga ciki. Sauran ɓangarorin a buɗe suke. Daren hamada na sanyi ƙwarai a lokacinsa, amma kaza mai cikakken gashi ta fi jure sanyi a kan zafi, buhunan da za a iya saukewa ta gefen iska sun isa, su ne kuma na ranar ƙura.

Daɓen ciki yashi ne mai kauri, zurfin santimita 10. Tarin ɗusar katako da ake bari ya ruɓe a ƙarƙashin kaji zafi yake haifarwa, ba a bukatarsa a nan. Yashi na busar da kashi, a tace da rariya kowace safiya. Yashin da rana ke duka kuwa yana ƙona tafin ƙafa, wani dalilin ke nan na rufe farfajiyar duka.

Mazubin ruwa biyu na tanada, lita biyar-biyar, nesa da juna don kada babbar kaza ta tsare guda ta hana saura. A zafi kaza ɗaya na iya shan rabin lita a yini, ninkin abin da take sha a sanyi, kuma ruwan da ya yi ɗumi ƙin sa take yi ko tana jin ƙishi. Bututun da zai kawo ruwan ban bar shi a sarari ba, an binne shi santimita 30. Hakin da suke yi ma yana da nasa sakamakon: yana fitar da iskar da jiki ke bukata wajen gina ɓawon ƙwai, shi ya sa ƙwan bazara ke zuwa da ɓawo sirit. Zan ajiye dakakken ɓawon kawa, wata dabbar ruwa mai ɓawo mai tauri, a kwano dabam, abinci kuma da sassafe da bayan la'asar, tunda narkar da shi ma zafi ne. Kusurwar arewa maso gabas ta farfajiya na bar ta ƙasa zalla, za a riƙa jiƙa ta da hantsi su tona su kwanta. Wurin kwana dai ba za a jiƙa shi ba, danshi da kashi su ke kawo zarni da gudawa mai jini.

Da magariba na shiga na rufe kaina ciki, aka haska tocila daga waje ana zagayawa. Ban da idon raga, haske ya shigo ta wuri biyu: ƙarƙashin ƙofa, inda yatsu biyu ke shiga, da kusurwar da silin ya haɗu da ginshiƙin kudu. Gobe dokin ƙofa na kankare, sakata biyu sama da ƙasa, sannan in rataya ma'aunin zafi a tsayin sandar kwana in duba shi ƙarfe uku na rana da tara na dare har kwana uku, kafin kaza ko ɗaya ta shiga.