Yawon kallon dogayen benaye a Ikko

Duk mai son kallon dogayen benayen Legas to ya fara daga Marina, kuma ya yi sammako don gosulon garin nan ba ya ragawa kowa. Mu daga Agege muka taso ni da ɗan kawuna mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, danfo zuwa Oshodi, daga nan muka bi ta gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, kusan kilomita 12 kana kan ruwa, kwandasta na maƙale a bakin ƙofa yana ta ihun CMS CMS, wato tashar motar da ke Marina.

Muna sauka na ɗaga kai sai ga NECOM House, hawa 32, tsawonsa mita 160 in ka haɗa da dogon ƙarfen nan na samansa. Tun 1979 aka gama shi fa, har gobara ya yi a 1983 amma ga shi nan tsaye ƙyam. Sai da na dafe hulata kafin na iya hango ƙarshensa, ɗan kawun nawa yana ta dariya wai Yaya rufe bakinka mana kar 'yan Ikko su gane baƙo ne kai.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne benayen nan yawanci ofisoshi ne da bankuna, ba wajen yawon buɗe ido ba ne, wani bene da muka gwada shiga maigadin cewa ya yi wajen wa kuka zo, muka ce lifta kawai muke so mu hau mu ga gari, ya kalle mu sama da ƙasa ya nuna mana hanya.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa Independence House ne kusa da filin Tafawa Balewa, ginin tunawa da samun 'yancin kai na 1960 guda, tun gobarar 1993 bai ƙara komawa daidai ba, fenti ya koɗe tagogi duk sun mutu, alhali can Eko Atlantic an cike teku da yashi a inda Bar Beach take a da ana ta dasa sababbi masu gilashi. Wallahi abin da ciwo.

Da la'asar muka hau tashar jirgin ƙasa ta Marina, da yake a sama take, a nan ne ma muka ga benayen a jere da jiragen ruwan Apapa, muka sha hotuna kafin jirgin Mile 2 ya iso.