Haipo da haipa: kalmomin da na yi kunyar tambaya

Ranar da likita ya tabbatar mini cewa ina da ciwon suga nau'i na 2, na fito da takardar magani a hannu da tarin kalmomin da ban gane rabinsu ba. Yana bayani ina gyaɗa kai, domin na ji nauyin in ce ya maimaita. A cikin bayaninsa ya ja mini kunne a kan haipo, ya kuma ambaci haipa, ni kuwa a kunnena kalma ɗaya ce, kuma na ɗauka duk abin da zai samu mai ciwon suga daga hawan suga ne.

Bayan mako uku, wata rana na sha ƙwayar maganin suga mai suna glibenclamide da safe, aiki ya sha mini kai, ban ci komai ba har rana ta take. Sai hannuwana suka fara rawa, gumi mai sanyi ya jiƙa mini riga, zuciyata tana bugawa kamar za ta fito. Na ce a raina suga ya hau, na ƙara shan ƙwaya ɗaya, alhali na'urar gwaji tana cikin jakata. Har yau idan na tuna wannan ƙwaya ta biyu raina yakan ɓaci. Matata ce ta same ni zaune ina magana ba kai ba gindi, ta soki yatsana, na'ura ta nuna 52.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini, “Malam, sugarka faɗuwa ta yi, kai kuma ka ƙara mata maganin da ke saukar da ita.” A bakinta na fahimci cewa haipo shi ne saukar suga ƙasa da 70, haipa kuma hawanta, wanda yakan zo da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. Glibenclamide yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, shi ya sa yake iya kayar da suga, abin da metformin, wani maganin suga, shi kaɗai ba kasafai yake yi ba. Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in gwada, in sha sukari giram 15, wato kamar babban cokali ɗaya a ruwa, in sake gwadawa bayan minti 15.

Daga nan na daina kunyar tambaya, sauran kalmomin kuwa ba su ba ni wuya ba. Takardar ɗakin gwaji ta rubuta 9.4, na'urata ta nuna kusan 170, na zaci ɗayansu ta yi ƙarya, ashe ma'auni biyu ne: ana ninka na takardar (mmol/L) sau 18 a samu na na'urata (mg/dL). Gwajin da ake yi bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, idan ya kai 126 ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, ya shiga sahun ciwon suga. Gwajin jini mai suna HbA1c kuma yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, domin suga tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu kusan kwana 120. Daga kashi 6.5 ake kiransa ciwon suga, nawa kuwa 8.1 ne a lokacin.

Duk waɗannan lambobi da na jahilce su na ɗan lokaci ba su kwantar da ni a gadon asibiti ba, haipo ce ta kwantar da ni kwana biyu. Ina ganin likitan ma yana da nasa laifin, domin bai kamata a ba sabon majinyaci irin wannan magani ba sai an sa ya faɗi alamomin faɗuwar suga da bakinsa. Yanzu na rubuta a jikin kwalin maganina da manyan haruffa: idan jiki ya fara rawa, a gwada kafin a sha komai.