Godiya ga duk wanda ya tsaya wa 'yan aji shida

Alhamdulillahi. Sakamakon jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ya fito, tun jiya da hantsi aka manna shi a ƙofar ofishin hedimasta, kuma daren jiya ne na fara yin barcin kirki tun ranar da iska ta yaye mana rufi. Ba sai na maimaita labarin ba, da idonku kuka gani, wasunku ma ku kuka taya mu tsinto kwanon daga gonar bayan makaranta. Godiya ce ta rage a wuyana.

Ajin nan da nake riƙe da shi ya haura yara ɗari, alhali tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya tanada. Akwai 'ya'yan unguwa, akwai 'ya'yan Fulani da ke tako ƙafa daga ruga, akwai almajiran da alaramma ya yarje musu su zo boko da safe. Sai waɗanda iyayensu suka gudo daga Batsari da Jibiya da Safana, da kayan jikinsu kawai. Wasu cikinsu sun zo mana da shekara 12 ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, sai da muka kakkaɓe tsofaffin littattafan RANA (shirin koyar da karatu da lissafi da Hausa) na 'yan aji ɗaya muka faro da su daga "ba, bi, bu". Tun da aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 iyayen yankin nan suke ɗari-ɗari da makaranta, don haka duk yaron da aka miƙo mana amana ce mai nauyi. An sha faɗa mini a fuska cewa irin waɗannan yaran ba za su ci jarrabawa ba, in daina wahalar da kaina. Ga shi mafi yawansu sun haye zuwa ƙaramar sakandare, kuma a goman farko mata sun fi maza yawa.

Abu guda ne ya ƙi barin zuciyata. Ranar, muna tsaka da lesin bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Da kwanon ya fara ɗagawa yana bugun katako, ƙarar tamkar harbi. Muka kwashe yara zuwa baranda, na ƙirga, yarinya ɗaya ba ta nan. Na sake ƙirgawa, babu ɗaya. Wallahi gwiwoyina sun kasa ɗaukata. Na koma ciki ruwa na zuba a kaina, na same ta a ƙarƙashin teburina ta toshe kunnuwa, jikinta na ɓari, tana cewa, "Malam sun zo, Malam sun zo." Yarinya ce daga cikin waɗanda suka gudo. Na yi lallashi har na rasa abin faɗa, ta ƙi fitowa. Sai ga Inna mai ƙosai ta bakin ƙofa, ta bar kaskonta a ruwa ta shigo. Ta durƙusa a cikin taɓo, ta kwance mayafinta ta goya yarinyar nan, budurwa guda, kamar jaririya, tana jijjiga ta tana cewa, "Iska ce 'yata, iska ce, babu kowa." A bayanta ta yi barci. Yarinyar nan tana cikin ukun da suka zauna jarrabawar NECO ta shiga makarantun gwamnatin tarayya, kuma makin da ta samu ya sa muna sa ran makarantar 'yan mata ta Bakori.

Na san ba a son a riƙa ambaton mai alheri, kuma Inna za ta yi mini faɗa, amma ku yi haƙuri, ba zan iya shiru ba. Inna, Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya goya ki da rahamarSa kamar yadda kika goya marainiya, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki.

Malam Liman da ya buɗe mana harabar masallaci muka shimfiɗa tabarmi har aka yi jarrabawa, Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka. Ranka ya daɗe Mai unguwa da 'yan kwamitin kula da makaranta na SBMC, mun ga zirga-zirgarku zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ƙungiyar iyaye mata, ku kuka bi gida-gida kuna roƙon a sauke wa 'yan mata farantin talla na wata guda, na san abin da hakan ya ci a tukunyar wasu gidajen. Baba maigadi ya wuni uku yana shanya littattafai a rana, yana ɗora dutse a kan kowane don kada iska ta ƙara ɗauka. Kafintan da ya mayar da rabin rufin ya ce kuɗin ƙusa kawai zai karɓa. Da 'yar bautar ƙasarmu, wadda ta zo daga kudu ba ta jin ko "zo", ta ɗauki darasin lissafi har ta koyi cewa "kun gane?" Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya shiryi zuri'arku, Ya jiƙan magabatanku, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta raba mutane da garuruwansu.

Akwai 'yan uwana na jini da muka zauna a kan benci ɗaya a wannan ajin, yau Allah Ya ɗaga su. Na kira, na tura saƙo, na tura hoton rufin. Wataƙila hidima ce ta yi yawa. Na bar shi a nan, Allah Ya bar zumunci.

'Ya'yana da ba su samu ba a bana, ban manta da ku ba, gurbinku na nan, kada wanda ya zauna a gida. Iyaye kuma, ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, kowa ya zo da ɗansa ya karɓi takardarsa. A taho da tabarma, har yanzu rabin ajin a buɗe yake.