Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙusar da ta kwantar da ni

A makon jiya mun tsaya a inda na samu aikin birkila a Kaduna. To a wurin ginin nan ne na taka ƙusa, ta huda silifas ta shige tafin ƙafata. Jini bai wani zuba ba, bakin ciwon ma ya rufe da wuri, ashe ɓarnar tana ciki. Ba a jima ba ƙafa ta yi suntum, ga zogi ba dare ba rana, ga kaluluwa, ga zazzaɓi.

Masu dubiya kowa da tasa. Wani ya ce a kira wanzami ya yi sakiya, wani ya kawo Ampiclox daga kemis. Yayata ce ta tsaya kai da fata: "Ba mai sa maka ƙarfe a ƙafa. Tashi mu tafi asibiti."

Likita na taɓawa ya ce, "Malam, mugunya ce ta taru. Idan ta yi gida haka, magani ba ya ratsa ta, sai an tsaga." Aka yi min allurar kashe zafi da ta tetanus, aka tsaga, aka ɗebi ruwan aka kai ɗakin gwaji. Ya ce yawanci ƙwayar cutar da ke kawo irin wannan ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da dama ba ta yi musu komai, sai ta samu ƙofa. Wata irinta, MRSA, ba ta ma jin su Ampiclox. Amma da sakamako ya fito sai aka ga tawa Pseudomonas ce, mai son damshin takalmin roba, ƙusar ce ta tura ta ciki. Nan take aka canja min magani.

Ba a ɗinke wurin ba, an bar shi a buɗe ana wankewa ana cusa bandeji, don nama ya ciko daga ƙasa. Wankin nan, Allah kada ya maimaita.

Dattijon da ke gadon kusa da ni ƙaya ce kawai ta soke shi, amma yana da ciwon suga, bai ma ji shigarta ba. Ƙwayoyin cuta iri-iri aka samu a tasa, har sun kai ƙashi, dole aka yanke masa yatsu biyu. Ni da sugana ya fito lafiya, cikin 'yan makonni na fara dogara sanda.

Yadda na koma wurin aiki na tarar an ba wani gurbina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.